Tambaya da Amsa: Zaman Maƙwabtaka da Yanyawar Birni

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk daga masu karatunmu mazauna Birtaniya suka zo, kuma a kan baƙuwa ɗaya suke: jar yanyawar nan mai tsinin baki da gashin wutsiya buzu-buzu, wadda ke tsallako shinge ta shigo lambun bayan gida ba sallama. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ba mu daɗe da tarewa a wani gida mai lambu a kudancin Landan ba. Kusan kullum da magariba sai mun ga yanyawa ta ratsa ta bakin shinge, wani lokaci ma ta tsaya tana kallonmu. Ina da yara ƙanana uku. Shin in hana su wasa a waje ne? (Wata uwa, Landan)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki hana su. Yanyawa ba ta kai girman da ido ke nunawa ba, gashi ne ya yi mata yawa. Babba a cikinsu nauyinta tsakanin kilo 5 ne zuwa 7, kuma abin da ta saba farauta shi ne ɓera, tattabara, tana da ƙwari, sai 'ya'yan itacen da suka faɗo da ragowar abincin mutane. Tun shekarun 1930 ta fara zama a biranen Ingila, lokacin da aka yi ta gina unguwannin gefen gari masu faffaɗan lambu, saboda haka ta riga ki zama a unguwar, kuma mai yiwuwa lambunki hanya ce kawai da take bi zuwa wani wuri. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2017 ya ce yanyawar birane a Ingila ta kai kusan 150,000.

Ba za mu ɓoye miki cewa an taɓa samun ɓarna ba. A 2010 wata ta shiga wani gida a unguwar Hackney da ke Landan ta raunata tagwayen jarirai a gadonsu, a 2013 kuma an sake samun makamancin haka da wani jariri a kudu maso gabashin Landan. Abin lura shi ne jarirai ne, kuma a cikin gida abin ya faru, dabbar ta samu ƙofa ta shiga. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, cizon kare ya ninka shi nesa ba kusa ba. Darasin dai a fili yake: kada a bar jariri shi kaɗai a lambu ko a ɗakin ƙasa da ƙofa a buɗe, musamman a watannin zafi da ake barin ƙofar baya a wangale har dare. Ciwon haukan kare kuwa, wanda shi ne abin da ke fara zuwa wa mutum a rai, an rabu da shi a dabbobin ƙasa na Birtaniya tun 1922.

Tsayawar da take yi tana kallonku ita ce ke buƙatar gyara. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Yanyawar da ta saba ganin mutane ba su ce mata komai ba, a hankali take rage tazarar da ke tsakani. Duk lokacin da kika gan ta, ki tafa hannu da ƙarfi, ki daka mata tsawa, ki taka zuwa wajenta, ko ki fesa mata ruwa da tiyo. Ki koya wa yaran kada su miƙa mata abinci, kada su bi ta, kada kuma su tare ta a lungu, don dabbar da aka ritsa ita ce ke cizo. In tsautsayi ya sa ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na mintuna da yawa, a rufe da bandeji mai tsabta, sannan a kira 111, lambar neman shawarar lafiya ta hukumar lafiyar Birtaniya, ko a je asibiti a ranar, don a duba batun allurar tetanus da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Tambaya: A tsakiyar dare muna jin wani ihu kamar ana shaƙe mace. Maƙwabcina ya ce yanyawa ce. Da gaske? (Mai karatu, Bristol)

Amsa: Da gaske ne, Malam, in dai tsakanin Disamba da Fabrairu ne, kuma ya fi tsanani a Janairu. Lokacin barbara ke nan. Ihun kira ne, akwai kuma gajeren haushi sau uku ko huɗu a jere da suke amsa wa juna da shi. Ba mai cutar da kowa, kuma cikin 'yan makonni zai lafa. Sai dai ka ɗauki ihun a matsayin sanarwa: macen na neman wurin haihuwa, ka leƙa ƙarƙashin ɗakin ajiyarka tun yanzu.

Tambaya: A ƙarshen Afrilu na ga 'ya'yan yanyawa huɗu suna fitowa daga ƙarƙashin ɗakin katakon da nake ajiye kayan lambu. Sun tattake furanni, sun kwashe takalman yara, ga wari. Zan iya cika ramin da ƙasa da duwatsu in huta? (Magidanci, Birmingham)

Amsa: A'a, Malam, ba yanzu ba. Toshe rami alhali akwai 'ya'ya a ciki binne su ne da rai. Zalunci ne, zai iya jefa ka cikin matsala da dokokin kare dabbobi, kuma ko ta fuskar son kai ma asara ce, don warin mushe a ƙarƙashin daɓen katako ya fi wanda kake kuka da shi yanzu.

Ka fara sanin kalandarsu. Cikin yanyawa kwana 52 ne ko 53, haihuwa akasari a Maris, 'ya'ya huɗu ko biyar. Makafi kuma kurame ake haifarsu, da gashi mai duhu, sai bayan kusan mako biyu suke buɗe ido. Da sun kai wata guda su fara leƙowa bakin rami, wanda shi ne abin da ka gani. Zuwa Yuni ko farkon Yuli sun daina kwana a ramin, sun koma kwanciya cikin ciyayi da ƙarƙashin shuke-shuke. Daga Oktoba kuma da yawansu su watse neman wurin kansu. Wato mako shida zuwa takwas ne ya rage maka. In za ka iya haƙuri, shi ne mafi sauƙi: ka kwashe takalma, safar hannu, ƙwallo da duk wani abu na fata ko roba zuwa cikin gida kowace yamma. 'Ya'yan da su suke koyon kamu da tauna. Halin ma ba na Ingila kaɗai ba ne, a Berlin a 2020 an gano wata da ta tara takalman mutanen unguwa kusan 100.

In haƙurin ba zai yiwu ba, uwar ce za ta kwashe su da kanta, ba kai ba. Mace takan san wani ramin na ko-ta-kwana a yankinta. Abin da za ka yi shi ne ka sa wurin ya daina yi mata daɗi: ka share ciyayi da tarkacen da suka rufe bakin ramin, ka riƙa zirga-zirga a wajen, ka bar rediyo yana magana a cikin ɗakin ajiyar, ka jiƙa tsumma da maganin korar dabbobi wanda hukuma ta amince da shi ka ajiye a gefen ƙofar, ba a cikinta ba. Sau da yawa cikin 'yan darare za ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a baki.

Kafin ka toshe, ka tabbatar ba kowa. Ka cusa takardar jarida a bakin ramin sako-sako, ko ka jera 'yan ƙirare a tsaye. In aka ture, ka mayar. Sai ka ga an yi kamar mako guda ba a taɓa ba, sannan ka kama aiki. Ka haƙa kwari mai zurfin santimita 30 kewaye da ɗakin, ka kafa ragar ƙarfe mai walda a jikin katakon ƙasa da ƙusoshi masu ƙarfi, ka saukar da ita cikin kwarin, ka lanƙwasa ƙasanta waje wasu santimita 30, ka mayar da ƙasa. Hikimar lanƙwasar ita ce yanyawa a gindin shinge take fara tono, da ta ci karo da ƙarfe ba ta tunanin ja da baya ta sake farawa. Kada ka bar kafar da ta kai santimita 10, don inda kanta ya shiga jikinta zai bi. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aikin shi ne daga Satumba zuwa Disamba.

Abu ɗaya kuma: duk wanda ya ga babban rami a lambu, ya tabbatar ba na dagen Turai ba ne, mai zanen fari da baƙi a fuska. Ƙofar ramin dage faɗinta ya fi tsayinta, ga tulin ƙasa da busasshiyar ciyawa a baki. Na yanyawa ya fi tsayi, yana da wari, kuma za ka ga fuka-fukai da ƙasusuwa a warwatse. Dokar 1992 ta kare dage da raminsa, taɓa shi ba lasisi laifi ne babba.

Tambaya: Ina da kaji shida a bayan gida. Wata safiya na tarar an kashe biyar, ɗaya kawai aka tafi da ita. Akurkin kuwa da wayar kaji na kewaye shi. Mugunta ce ke sa ta kashe abin da ba za ta ci ba? Kuma yaya zan gyara? (Mai kiwo, Leeds)

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ba mugunta ba ce. A daji, in yanyawa ta kama tsuntsu ɗaya sauran tashi suke yi. A akurki ba wurin gudu, kowace kaza na fuffuka a gabanta, ita kuma duk abin da ya motsa sai ta kai masa cafka. Ɗabi'arta ce kuma ta binne rarar abinci don gobe, saboda haka da ba a katse ta ba da ta yi ta dawowa tana ɗauka ɗaya-ɗaya. Wannan na nufin za ta dawo, kada ka zuba sababbin kaji sai ka gama gyara.

Laifin na wayar ne. Siririyar wayar nan mai ido shida-shida an yi ta ne don ta hana kaza fita, ba don ta hana wani shiga ba. Yanyawa na tsinka ta da haƙori ko ta ɓanɓare ta daga jikin katako. Abin da kake buƙata raga ce mai walda, kaurin wayarta aƙalla milimita 1.6, idonta bai wuce santimita 2.5 ba. Ka ɗaure ta da ƙusa mai lanƙwasa a kowace santimita 10 zuwa 15, ko ka danne bakinta da wani katakon ka ɗaure da sukurori. Gindin shingen a yi masa yadda muka faɗa a amsar da ta gabata, ko a shimfiɗa ragar a kan ƙasa ta waje faɗin santimita 45 zuwa 60 a danne da falankin siminti.

Sama ma ƙofa ce. Shinge mai tsayin mita 1.8 ba ya gagarar ta, da tsalle da kama katako take haye shi, musamman in akwai kwandon shara ko tarin itace a kusa da zai zama mata matakala. Ko dai ka rufe saman gaba ɗaya da raga, wanda shi muka fi so, ko ka ɗaga shingen zuwa mita 2 ka lanƙwasa santimita 30 na sama zuwa waje. Masu fili babba suna ƙara wayar lantarki layi biyu, ɗaya kusa da ƙasa ɗaya a sama, amma sai ana yanke ciyawar da ke taɓa ta, in ba haka ba wutar zurarewa take yi.

Sai ƙofa da murfin wurin ƙwai, inda mutane suka fi yin sakaci. Ɗan katakon da ake juyawa ya tare ƙofa, da hanci take ture shi. Ka sa sakata ta ƙarfe, biyu in ƙofar doguwa ce. Ka duba daɓen akurkin, ruɓaɓɓen katako ba ya tare komai. A rufe kaji kafin duhu kowace rana, ba fashi, in kuma aiki na hana ka dawowa da wuri akwai ƙofa mai rufe kanta da agogo ko da gushewar haske. Kada ka ɗauka rana lafiya ce: daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin ciyar da 'ya'ya, tana farauta da tsakar rana. Duk wannan ya shafi zomo, ɓeran masar da kunkuru. Lafiyayyar babbar kyanwa kuwa galibi ba ruwansu da juna, sau da yawa ma kyanwar ce ke korar ta, amma 'yan ƙanana da tsofaffi a shigar da su da dare.

Tambaya: Ciyawar lambuna duk ta zama ramuka, kuma kullum sai na tarar da kashi a kan matakalar ƙofa. Na wanke da bilic amma ba ta daina ba. (Mai karatu, Manchester)

Amsa: Abu biyu ne daban, 'yar'uwa. Ƙananan ramukan neman abinci ne: tana da ke fitowa bayan ruwan sama, da gwazarmar da ke cin saiwar ciyawa, wadda ta fi yawa a ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. In kika ja ciyawar ta taso kamar tabarma kika ga fararen tsutsotsi a lanƙwashe, to su ne matsalar, kuma shagunan kayan lambu na sayar da wasu mitsi-mitsin tsutsotsi da ake damawa a ruwa a zuba su kashe su, muddin ƙasa na da ɗumi da laima. Ki kuma duba takin da kike sawa. Duk wanda aka haɗa da garin ƙashi, jini ko kifi, a hancin yanyawa mushe ne aka binne, za ta tone tukunyar fure har ƙasa tana nema. Ki koma takin da aka yi da tsiro. Sabon wurin shuka a shimfiɗa masa raga har ya kama, wanda kuma ya binne dabbar gida a lambu ya zurfafa ramin ya ɗora falankin siminti.

Kashin kuwa saƙo ne. Da gangan take ajiye shi a wuri mai tudu da kowa zai gani, kan dutse, kan matakala, har kan takalmi, don sauran su san wurin da mai shi. Shi ya sa wanki da bilic bai hana ba, kuma duk abin wanki mai sinadarin amoniya ƙara jawo ta yake, don warinsa kamar na fitsari ne. Ki sa safar hannu, ki kwashe da leda ki ɗaure ki jefa a shara, kada ki zuba a takin gida. Ki wanke wurin da ruwan ɗumi da garin wanki mai sinadaran da ke narkar da datti irin na jiki, ya ɗan jiƙa kafin ki ɗauraye, sannan ki fesa maganin kora a daidai gurbin. Akwai irin su Scoot da Get Off My Garden. Ruwan sama na wanke su, sai ana maimaitawa, kuma aikinsu ba ya wuce na taimako. Abin da ya fi su tasiri shi ne na'urar fesa ruwa mai gane motsi, a riƙa sauya mata wuri duk bayan 'yan kwanaki. Masu ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, wata yanyawar ta guje su, wata ta kwanta a gefensu.

Kwashewa da wuri na da dalili na lafiya. Kashin na iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki irin ta kare, wadda in ta shiga jikin yaro takan iya taɓa ido. Ƙwan ba ya kama mutum sai ya yi kwana 10 zuwa mako 3 a ƙasa, saboda haka mai kwashewa kullum ya rage haɗarin ƙwarai. A rufe akwatin yashin wasan yara, a wanke hannu kafin cin abinci, a wanke ganyen lambu.

Tambaya: Na kira ƙaramar hukuma sun ce ba aikinsu ba ne. Zan iya sa guba ko tarko, ko in kama ta in kai ta daji? (Magidanci, Luton)

Amsa: Gaskiya suka faɗa maka, doka ba ta ɗora musu kawar da yanyawa ba. Guba kuwa ka cire ta daga ranka: babu ko ɗaya da aka halatta don yanyawa, haka ma tura hayaƙi mai guba cikin rami, kuma abin da ka ajiye kyanwar maƙwabci, bushiya ko yaro na iya riga ta ci. Zuba man dizal ko sinadaran wanke bayi a lambu da sunan kora shi ma ya saɓa wa ƙa'idar magungunan ƙwari ta 1986. Dokar 1996 ta haramta azabtar da namun daji masu shayarwa, ta 2004 ta hana farautarsu da karnuka a Ingila da Wales. Tarkon zarge mai ƙara matsewa haramun ne tun 1981, Wales ta hana zarge kowane iri a 2023, Scotland ta bi sahu a 2024. In ka kama ta a keji, dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta ɗora maka alhakinta, kuma sakin yanyawar birni a dajin da ba ta sani ba, cikin yankin wasu, yawanci mutuwa ce a hankali.

Ƙwararren mai lasisin bindiga na iya kamawa ya kashe bisa doka, amma mu ba mu ga amfanin kuɗin ba. Hukumomin Landan sun shafe shekaru da dama suna harbi da ɗana tarko, daga baya suka bari don adadin bai ragu ba. Yanki in ya zama ba mai shi, cikin 'yan kwanaki wata ta gaje shi, tunda abin da ya kawo ta farko yana nan: abinci, maɓoya, hanya. Waɗannan za ka cire. Murfin kwandon shara ya rufu ruf, a ɗaure da igiyar roba in ya cika, ƙaramin bokitin ragowar abinci a kulle hannunsa, kada a ajiye ledar shara a ƙasa da dare. A tsince 'ya'yan itacen da suka faɗo, a share hatsin da ya zube daga wurin ciyar da tsuntsaye, a shigar da kwanon kare da na kyanwa, a sassabe surƙuƙin bayan ɗakin ajiya.

Tambaya: Maƙwabciyata na ajiye musu abinci kowane dare. Ɗaya daga cikinsu ma gashin wutsiyarta ya zube, tana ta susa. Me zan ce mata? (Wata mai karatu, Bristol)

Amsa: Ciyar da su ba laifi ba ne a doka, saboda haka da lalama za ki bi ta, Hajiya. Ra'ayinmu shi ne barin ciyarwar ya fi, don abinci mai yawa a wuri ɗaya na ƙanƙance yankin kowace yanyawa, ya tara su, ya kawo ɓeraye, rarar kuma a lambunki za a binne ta. In ba za ta bari ba, ki roƙe ta abu uku: kaɗan, wanda zai ƙare a take, kuma ba kullum ba, a can ƙarshen lambu, nesa da ƙofa, kada ta taɓa ba su a hannu ko ta ja su cikin gida, don wadda ta koyi karɓa a hannu za ta tunkari wanda bai san da zancen ba. Ban da cakulan, inabi, zabibi, albasa da dafaffen ƙashin kaza.

Mai susar kuwa alamar ƙazwa ce, wadda wani mitsitsin ƙwaro mai huda fata ke haddasawa. Daga wutsiya da ƙugu take farawa, fata ta yi ɓawo ta tsattsage, dabbar ta rame, in ba magani ta mutu cikin 'yan watanni. Garinku ya san ta: ɓarkewar da ta fara a Bristol a 1994 ta kashe sama da kashi 95 cikin 100 na yanyawar birnin cikin kusan shekara biyu. Tana warkewa da magani, amma kada ku saya ku cusa a nama da kanku, don ba ku san wa zai ci ba, kuma wasu magungunan na illata wasu jinsunan karnuka. Ku ɗauki hotonta, ku rubuta lokacin da take zuwa, ku kira ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ko cibiyar ceton namun daji mafi kusa. Kare na kamuwa da ita, saboda haka mai kare ya hana shi birgima a inda take kwanciya, ya kuma tambayi likitan dabbobi maganin wata-wata da ya haɗa da ƙazwa da tsutsar huhu, wadda kare ke ɗauka ta hanyar cin katantanwa. A jikin mutum ƙwaron ba ya hayayyafa, ƙuraje masu ƙaiƙayi yake sawa na ɗan lokaci, in sun dame ki ki nuna wa likita ki gaya masa akwai yanyawa mai ƙazwa a lambun.